Huɗu, Sifili, Ɗaya, Bakwai

A Birmingham, a wani gida mai warin tsohuwar takarda da man keke,
nake jinyar Dattijo Penkridge.
Magani da safe, shayi ƙarfe goma, gasa ƙafa da yamma.
Sauran yinin kuwa ni ne idonsa,
tunda yana ta rufe nasa.

Ƙananan bindigogi goma sha ɗaya gare shi a akwatin gilashi,
tsofaffi, irin waɗanda aka daina ƙera harsashinsu
tun ba a haifi kakana ba.
Damisa ce da haƙori ya zube, sai zanen fata.

"Jatau, ɗauko mini ta huɗun."
Na sa farar safar hannu, na tallabo ta kamar ƙwai.
Ganyen inabi ya nannaɗe bututun,
ya hau, ya gangaro, ya ɓuya bayan kunama.
Wani ya zauna ya lallashi ƙarfe har ƙarfe ya yi toho.
Na karanta lambar da ke gindinta:
huɗu, sifili, ɗaya, bakwai.
Ya maimaita a hankali, leɓe na rawa.

Shekara ashirin da biyu yana bin sawun lambar nan.
Wasiƙu ga 'yan gwanjo, wasiƙu ga magada,
wasu su amsa, wasu an riga an binne su.
Abu ɗaya yake nema: wa ya yi zanen?

Ran wata Laraba na tura kekensa cikin yayyafi
zuwa inda aka adana kundin masana'antar,
wanda gobara ta lashi gefensa ta bari.
Na bi layi da yatsa.
Ga ranar da aka gama ta, cikin watan Maris.
Ga wanda ya saya, wani dillalin auduga,
an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe har da lanƙwasa.
Ga kuɗin akwati, ga kuɗin dako.
A gurbin mai zane kuwa:
ɗan ƙodago, sule tara.

Bai ce uffan ba har muka iso gida.
Shayinsa ya huce a hannunsa.

Da dare, ina shafa mata mai,
na kwance ƙotar, abin da ban taɓa yi ba.
Can ƙarƙashi, inda mai saye ba zai taɓa dubawa ba,
madubin ƙara girma ya nuna mini wani abu:
kurfi ya zame, ya ja layi inda bai kamata ba,
sai mai aikin ya ƙara masa ƙafafu shida da fiffike,
ya mai da kuskurensa ƙudan zuma.

Nan take na ga Kawu Barau a kasuwar Jahun,
wuƙa a wuta, ƙwarya tsakanin gwiwoyi.
Duk wadda ya zana sai ya ɓoye ɗan ƙadangare a gindinta.
Mata sun sha fura a ciki shekara da shekaru,
ba wadda ta tambayi sunansa.

Na tashe shi, ko da yake dokar aiki ta hana.
Na kama ɗan yatsansa na ɗora a wurin.
Ya shafa. Ya sake shafawa.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
sai da na ba shi ruwa.

"Ɗauko katinta," in ji shi.
Na ɗauko. Gurbin suna na nan fari fat, kamar kullum.
"Me zan rubuta, Baba?"
Ya daɗe yana sauraron ruwa a kan taga.

"Rubuta: hannunsa ya zame a nan.
Ka sa kwanan wata na yau.
Sannan ka mayar da ƙotar, kada ka ɗaure da ƙarfi,
gobe ma ina so in gaishe shi."